BABI NA BIYU: TARIHIN AMBATON MASU BA DA BAYANAI A NAZARIN HAUSA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi, domin a ga yadda manazarta suka riƙa ambaton mutanen da suka samo bayanai daga wurinsu, tun daga ƙarni na 19 har zuwa zamanin rumbunan bayanai na kwamfuta. Abin da ake nufi da mai ba da bayani a nan shi ne duk wanda aka ɗauki kalma ko tatsuniya ko labari daga bakinsa ko daga alƙalaminsa, aka adana domin amfanin masu bincike.

2.1 Kafin Zuwan Turawa

Ambaton wanda aka ɗauki ilmi daga gare shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman zaure sun gaji tsarin isnadi, inda ɗalibi kan faɗi malaminsa da malamin malaminsa har zuwa ga mawallafin littafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta littafi guda mai suna Ida'un Nusukh, wanda a ciki ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Wato ke nan a wurin waɗannan malamai, darajar bayani tana tattare da sanin inda ya fito.

2.2 Zamanin 'Yan Mishan

Daga cikin Turawan farko da suka kula da wannan al'amari akwai S. W. Koelle, wanda ya wallafa Polyglotta Africana a 1854. Ya tattara kalmomi kusan 300 a harsuna fiye da 100 daga bakin 'yantattun bayi a ƙasar Saliyo, cikinsu har da Hausar Kano da ta Katsina. A gabatarwar littafin ya kawo sunayen waɗanda ya zanta da su, da garuruwansu na asali, da tsawon lokacin da suka yi rabonsu da gida. Dalilin haka ne har masana tarihin cinikin bayi suke amfani da littafin, alhali ba don su aka rubuta shi ba.

Labarin Dorugu kuwa ya sha bamban. Dorugu yaro ne daga yankin Damagaram da aka kama bawa, Adolf Overweg ya 'yanta shi a Barno, daga baya ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. A Ingila ya zauna wurin J. F. Schön, ya yi ta shibta masa tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa. Schön ya dogara ƙwarai da Hausar Dorugu a littafinsa na nahawu (1862) da ƙamusunsa (1876) da Magana Hausa (1885). Bai ɓoye sunan yaron ba, to amma sunan Schön ne ya shiga bakin manazarta. Sai a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin Dorugu a matsayin tarihin rayuwa da shi kansa ya bayar. Sanin asalin Dorugu yana da muhimmanci, domin shi ne yake nuna wa mai nazari cewa karin harshen wani yanki yake karantawa, ba Hausar kowa da kowa ba.

2.3 Zamanin Mulkin Mallaka

A wannan zamani jami'an mulki ne suka karɓi aikin. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Malamai ne suka rubuta abin da ke ciki da ajami, wani kaso kuma ya zo masa ta hannun John Burdon, Razdan na Sakkwato. Duk da haka, "Edgar" kawai ake cewa idan an ɗauko misali daga ciki. R. S. Rattray, wanda ya yi aikinsa a Gwalkwas (Gana a yau), ya ɗan yi dama-dama a littafinsa na 1913, domin ya bayyana cewa Malam Shaihu ne ya rubuta matanin, kuma an buga hoton ajamin malamin tare da fassarar.

Misalin da ya fi jan hankali shi ne na ƙamusun R. C. Abraham. Bugun farko na 1949 ya fito da sunaye biyu, wato Abraham da Malam Mai Kano. Bugu na biyu na 1962, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a ɗakunan karatu, da sunan Abraham kaɗai aka san shi. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu yana buɗa wannan ƙamus bai taɓa jin sunan Mai Kano ba. A ɗaya ɓangaren, Mary Smith ta sa sunan mai ba ta labari a kan littafinta, Baba of Karo (1954), shi ya sa har yau ake tunawa da Baba.

2.4 Zamanin Rumbunan Bayanai

Da bayanai suka koma cikin kwamfuta da intanet, sai tsohuwar matsala ta dawo da sabon salo, domin rumbu guda kan ƙunshi gudummawar ɗaruruwan mutane. A 2009 aka kafa ƙungiyar DataCite domin bai wa kowane tarin bayanai lambar shaida ta dindindin, kamar yadda ake yi wa maƙala. A 2012 aka fara tsarin ORCID mai bai wa shi manazarci tasa lambar. Sannan a 2014 aka fitar da sanarwar haɗin gwiwa kan ƙa'idojin ambaton bayanai, wadda ta tanadi cewa a ambaci bayanai kamar yadda ake ambaton littafi, a kuma yaba wa waɗanda suka samar da su. Sai dai waɗannan tsare-tsare sun fi amfanar mai tattarawa a kan mai bayarwa. Haka kuma akwai inda ake ɓoye suna da gangan, kamar rumbun muryoyi na Common Voice wanda ya ƙunshi Hausa, inda ba a bayyana masu karatun domin a kare sirrinsu.

2.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ambaton mai ba da bayani yana da fa'ida biyu. Ta farko ita ce ba mai haƙƙi haƙƙinsa, tunda Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. Ta biyu ita ce bai wa manazarci na gaba damar auna ingancin bayanin da sanin karin harshen da ya fito. Saboda haka, a wannan bincike an rubuta garin kowane mai ba da bayani da shekarunsa da ranar da aka yi hira da shi. Wanda ya amince an sa sunansa, wanda bai amince ba an ba shi lamba. Babi na gaba zai duba yadda kundayen ɗalibai suke bin wannan ƙa'ida.