Jirgin Sama na Kwali: Sana'ar Hannun da Rashi Ya Raina

Jirgin yaƙin nan na Ingila mai suna Spitfire, daga bakin fiffikensa na dama zuwa na hagu mita 11 ne da 'yan kai. In aka rage komai nasa sau 33, faɗin zai dawo santimita 34. Akwai mutane a Poland da Jamus da Japan da Amurka da kan share watanni suna haɗa irin wannan ɗan jirgi da kwali da gam kawai, har da kujerar matuƙi da agogunan da ke gabansa. Ba jirgin da yara ke naɗewa da takardar littafi su cilla a aji nake nufi ba. Wannan galibi ba ya tashi. Ajiye shi ake yi a kalla, kuma abin da ake nema shi ne kowane sashe ya yi daidai da na ainihin jirgin bisa ma'auni.

Asalin abin a maɗaba'a yake, kuma ya girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. A 1796 Alois Senefelder ya ƙirƙiro hanyar ɗab'i da faifan dutse a Jamus, wadda ta sa buga zane ya yi arha. A wannan shekarar kuma Jean-Charles Pellerin ya kafa gidan buga hotuna a garin Épinal na Faransa. Da farko hotunan waliyyan Kirista da na sojojin Napoleon suke sayarwa, 'yan koli na yawo da su ƙauye-ƙauye. Can cikin ƙarni na 19 sai suka shiga buga gidaje da majami'u da injinan niƙa a warwatse a kan takarda guda, yaro ya yanke da almakashi ya manna. Kamfanin J.F. Schreiber na garin Esslingen, wanda aka kafa a 1831, ya shigo harkar a 1878, kuma har yau ana sayar da takardu masu ɗauke da sunansa.

Su kansu waɗanda suka ƙago jirgin sama da takarda suka fara laluben hanya. George Cayley na Ingila ya gwada wani ɗan jirgi mara inji a 1804, fiffikensa na takarda ne da aka ɗaura a kan sanda. Alphonse Pénaud ya tashi nasa a wani lambu a birnin Paris a 1871, zaren roba ne ke juya farfelarsa, ya yi tafiyar kusan mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 wani limamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar abin wasa mai tashi, na takarda da gora da zaren roba, wanda aka ƙera bisa dabarar Pénaud. Yaran su ne Wilbur da Orville, waɗanda suka tashi jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903. Bayan Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a Yulin 1909, sha'awar jirgi ta kama Turai kamar wutar daji, masu maɗaba'a kuwa ba su yi sanya ba. Jiragen lokacin ma sun sauƙaƙa musu aiki, don katako ne da yadi da waya, kusan duk jikinsu a miƙe.

Wahalar ta zo ne da jirage suka zama na ƙarfe masu jiki mulmulalle. A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin duk gwanintar wannan sana'a a kan matsala ɗaya ta ginu: takarda ba ta lanƙwasuwa sai ta fuska guda. Za ka iya naɗe ta ta zama bututu ko mazurari, amma ba za ka mai da ita ƙwallo ba sai ta tattare. To gangar jikin jirgi kuwa kumbura take a tsakiya ta tsuke a jela. Dabarar da masu zane suka samo ita ce su yayyanka jikin zobe-zobe, kowane zobe ɗan guntun mazurari ne, a jera su ɗaya bayan ɗaya har ido ya ga kamar sumul yake. A ciki akan sa haƙarƙari na kwali mai kauri, kimanin milimita ɗaya, su riƙe siffar. Hancin jirgi kuma akan tsattsaga shi fella-fella, a tattaro bakunan su haɗu a tsini.

Duba hannun gwani yana aiki. Kafin ya naɗe layi sai ya bi ta kansa da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare, don takardar ta karye daidai wurin ba tare da ta tsage ba. Zoben jiki kuwa ba ya lanƙwasa shi da yatsa. Ɗora shi yake a tafin hannu ko a cinya, ya yi ta murza masa sandar ƙarfe har ya naɗu da kansa. Sannan ya ɗauki fenti ko alƙalamin kala ya shafe bakin da almakashi ya bi, domin farin gefen nan shi ke tona asirin cewa takarda ce. Gam kuma da tsinken sakace ake ɗiba. Wanda ya labta shi da yawa, takarda ta jiƙe, fiffike ya karkace, aikin mako guda ya tafi a banza.

A shekarun 1930 wani Bature ɗan Ingila, Wallis Rigby, ya yaɗa salon haɗawa ta hanyar zura ɗan harshen takarda cikin tsaga, ya fitar da littattafai cike da jirage, daga baya ya koma Amurka ya ci gaba. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe wa kwali kasuwa sosai. Ƙarfe da roba da itacen balsa, wanda da shi ake sassaƙa ƙananan jirage, duk sun tafi wajen yaƙi. Rundunar sojan ruwan Amurka har ta roƙi makarantu a 1942 su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 na katako, bisa ma'aunin 1:72, don a koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Yaron da ke son abin wasa kuwa sai takarda. A Landan Geoffrey Heighway ya fito da Micromodels, 'yan katuna ƙanana da ake iya zuba kayan aikinsu duka a akwatin sigari. A Amurka kuma a 1944 masu hatsin karin kumallo na Wheaties sun riƙa aika wa yara jiragen kwali in sun turo murfin fakiti da 'yan kuɗi kaɗan. Waɗannan kam suna tashi, muddin an manna kwabo ɗaya a hancinsu don nauyi.

Da yaƙi ya ƙare sai roba ta karɓe fage. Kamfanoni irin su Airfix a Ingila da Revell a Amurka suka cika shaguna da jiragen roba a shekarun 1950, an riga an zubo kowane sashe da siffarsa, mannawa kawai ta rage. A yammacin duniya jirgin kwali ya koma abin da ake yi wa kallon tsohon yayi, ko da yake bai mutu ba: a Wilhelmshaven ta Jamus an fara buga jiragen ruwa da na sama tun cikin shekarun 1950, haka ma kamfanin Geli na Ostiriya.

Inda abin ya yi saiwa shi ne ƙasashen gurguzu na gabashin Turai, kuma a ganina nan ne zuciyar tarihin. Kayan roba na yamma ba sa shigowa sai da ƙyar, na gida kuma kaɗan ne. Zuba jirgin roba na buƙatar mazubin ƙarfe mai ɗan karen tsada, shi kuwa na kwali mai zane ɗaya da injin ɗab'i sun wadatar. A 1957 aka fara fitar da mujallar Mały Modelarz a Poland, ƙarƙashin wata ƙungiya mai alaƙa da soja wadda daga 1962 ake kira Liga Obrony Kraju. Gwamnati na da tata manufa, tana son samari su saba da injuna da kayan yaƙi. Yaran kuwa abin da suka sani shi ne kowace fitowa akwai sabon jirgin sama ko na ruwa ko tankar yaƙi a rumfar mai jarida, da kuɗin da aljihunsu zai iya. Takardar ba ta da kyau, launin yakan kauce wa layi, amma mujallar ta kai har Tarayyar Sobiyet ana rububinta. Ita ce ta dasa ma'aunin 1:33 a zukatan Polawa, har ya zama shi ne gama-gari a jiragen sama na kwali. A Cekoslobakiya ma mujallar yara ta ABC ta yi irin wannan aiki, inda mai zanen gine-gine Richard Vyškovský ya yi suna. Duk wanda ya taɓa ganin yaran karkararmu na fafe karan dawa suna haɗa mota da tayoyinta zai gane halin: abin da ke kusa da hannu shi ake sarrafawa har a gwanance.

Mutum zai zaci faɗuwar gurguzu a 1989 za ta kashe sana'ar, tunda roba ta samu. Akasin haka aka gani. Yaran da suka taso da almakashi a hannu sun girma, wasunsu suka buɗe nasu gidajen ɗab'i, irin su GPM da Modelik da Haliński. Da kwamfuta ta shigo aikin zane, lissafin zobban nan ya daina zama na kirdado, sassa suka riƙa haɗuwa cif. Ana buga har tsatsa da baƙin hayaƙin da ke gefen inji. Jirgi ɗaya kan zo da sassa ɗaruruwa, wani ya haura dubu, haƙarƙarinsa kuma a saye shi daban, an riga an yanka da na'urar leza.

Intanet ta ƙarasa sauran. Tunda jirgin kwali zane ne kawai, ana iya aika shi ko'ina cikin daƙiƙa, a buga a gida, in an ɓata sashe a sake bugawa. Kamfanin Canon na ba da zane-zane kyauta a shafinsa na Creative Park, don dai a sayi tawada. Manhajar Pepakura ta Japan kuma tana ɗaukar siffar da aka zana a kwamfuta ta warware ta a shimfiɗe, da layukan naɗi da wuraren sa gam. Wasu ma sun wuce nan. Luca Iaconi-Stewart, wani matashi a San Francisco, ya fara ƙera Boeing 777 na kamfanin Air India a 2008 da kwalin fayil na ofis, bisa ma'aunin 1:60. Ya ɗauki shekaru a kai. Tsawonsa ya haura mita ɗaya, ƙofofinsa na buɗewa, tayoyinsa na naɗewa, kujerun fasinja kuma ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su.

Mai karatu da ke son gwadawa, kada ka fara da jirgin yaƙi mai sassa dubu. Nemi zane mai shafi ɗaya ko biyu, ka kai shagon da ake buga takardu, ka ce a fitar maka a kan kati mai nauyin giram 160 zuwa 200, irin na katin gayyatar biki mara sheƙi. Ka tanadi reza sabuwa, da rular ƙarfe, da farin gam na kafintoci. In yaro ne zai yi, a bar masa almakashi, babba ya riƙe rezar.