Mallakar Gidajen Talabijin da Matsayin Labaran Hausa: Waiwaye Daga RKTV Zuwa NTA

Gabatarwa

Masu nazarin Hausar kafafen watsa labarai sun fi mayar da hankali ga rediyo, kuma suna da hujja, domin rediyo ce ta shiga ƙauye da ruga tun kafin talabijin ta fita daga unguwannin ma'aikata. Duk da haka, tarihin talabijin ya fi fito da wani al'amari fili: duk lokacin da gidan watsa labarai ya sauya hannu, matsayin harshen da ake karanta labarai da shi yakan sauya. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda haka ta faru ga Hausa daga 1962 zuwa yau.

Zamanin jihohi uku

Siyasa ce ta haifi talabijin a Nijeriya. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group ta gidan rediyon gwamnati, Cif Obafemi Awolowo ya nemi damar mayar da martani aka hana shi. Da tsarin mulkin 1954 ya bai wa jihohi ikon kafa nasu gidajen watsa labarai, sai Jihar Yamma ta buɗe WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, tare da kamfanin Overseas Rediffusion na Ingila. Jihar Gabas ta biyo baya a Enugu a 1960. A watan Maris na 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe nata a Kaduna, ƙarƙashin kamfanin BCNN, wanda ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Gidan ya haɗa rediyo da talabijin, aka san shi da RKTV, daga baya RTK. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe nata a Ikko.

Bai kamata a ƙawata wannan zamani fiye da kima ba. Masu akwatin talabijin ƙalilan ne, finafinan ƙetare sun cika awoyin shiri, kuma tun a lokacin da yawa daga labaran Hausa fassara ce daga Ingilishi. Abin lura shi ne wurin da ake zaɓen labari. A Kaduna ake yanke shawarar abin da zai zo farko, kuma mai yanke shawarar ya san cewa farashin gyaɗa da auduga, da jigilar alhazai, da naɗin sarauta su ne abin da mai sauraronsa yake jira. Mai fassara da mai tace labarai ɗaki ɗaya suke, kasuwa ɗaya suke ci. Ko da aka rushe Jihar Arewa a 1967, gidan bai bar hannun Arewa ba, domin an sa shi ƙarƙashin hukumar ICSA mai kula da kadarorin da jihohi shida suka gada.

Ƙarfe tara na dare

Sababbin jihohin sun fara kafa nasu tashoshi. Benin ta samu a 1973, Jos kuma a 1974 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, kuma tashar Jos ce ta fara nuna hoto mai launi a ƙasar nan. Ba su daɗe a hannun masu su ba. Gwamnatin soja ta karɓe dukkan gidajen talabijin, ta tabbatar da haka da Dokar Soja mai lamba 24 ta 1977, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa Afrilun 1976. Da ita aka kafa hukumar NTA, Injiniya Vincent Maduka ya zama shugabanta na farko, aka kasa ƙasar shiyya shida. Hujjar gwamnati ita ce haɗin kan ƙasa, domin ba a manta da rawar da gidajen rediyon jihohi suka taka a rikicin 1966 da yaƙin basasa ba. Hujja ce mai nauyi, kuma ba na cikin masu raina ta.

Sai dai ga abin da ya biyo baya. An raba talabijin ɗin Kaduna da 'yar'uwarta rediyo, wadda ita ma ta koma ƙarƙashin FRCN a 1978. Sannan aka wajabta wa kowace tasha ta jona da Ikko a wasu lokuta, mafi girmansu labaran ƙarfe tara na dare, waɗanda ake karantawa da Ingilishi. Lokacin da magidanci ya gama cin tuwo ya zauna da iyalinsa ya zama na Ingilishi ke nan, labaran Hausa kuwa suka koma gajeren shiri da ake saƙalawa kafin wannan lokaci. Yarbanci da Ibo ma haka suka samu kansu a tashoshin yankunansu. A garin da nake koyarwa, nesa da gida, na sha zama da 'yan kasuwar Sabo ana kallon labaran tara, da an ga fuskar wani babba sai a juyo a ce, "Malam, me ya ce?"

Illar wannan tsari ga harshen ba ta tsaya ga ƙarancin mintoci ba. Mai fassara yakan karɓi takardar da aka rubuta da tunanin Ingilishi, saura ɗan lokaci a shiga ɗakin karatu, sai ya bi jimla ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kunne ya saba da jimloli irin su "gwamnan, wanda ya sami wakilcin mataimakinsa, ya jaddada buƙatar da ke akwai ta...", alhali Bahaushe cewa zai yi gwamna ya aiko mataimakinsa, ya ce lallai a yi kaza. Haka kuma "ya yi kira ga" da "ya bayyana cewa" suka kusa korar "ya roƙi", "ya gargaɗi", "ya hori" da "ya ce", kowanne da nasa nauyin ma'ana. Ba talabijin kaɗai ke da alhakin wannan ba, rediyo da jarida suna da kaso. Amma labarin da aka zaɓa a Ikko, aka rubuta a Ikko, yakan iso wa mai fassara ne babu abin da ya rage masa sai sauya kalmomi.

Wasan kwaikwayo ya nuna abin ƙarara. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Hausa ya yi suna a Kaduna. Da aka ɗora shi kan shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya, sai aka gauraya harshensa da Turancin bariki domin kowa ya ji.

Bayan 1979

Tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi ikon mallakar talabijin, kuma jihohin da ba na NPN ba su ne suka fi gaggawa, domin suna ganin NTA bakin gwamnatin Shagari ce. Lateef Jakande ya buɗe LTV a Ikko a 1980. A Kano, Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya kafa CTV 67, wadda aka sauya wa suna zuwa ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Lambar 67 ɗin nan tana da tarihi: an tura tashoshin jihohi zangon UHF, NTA ta riƙe VHF, don haka sai mai kallo ya nemi wata eriya kafin ya kama tashar jiharsa. Hausa ta sami fili sosai a CTV. Sai dai an sauya ubangida ne kawai, domin labarin farko ya tashi daga fadar shugaban ƙasa ya koma gidan gwamna.

Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992, zamanin Janar Babangida, ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Channels ta fara a 1995, AIT a 1996, kuma Ingilishi suka riƙa, domin a Ikko kuɗin talla yake. DITV ta Kaduna tana cikin 'yan ƙalilan da suka ba Hausa muhimmanci a wancan zubi. Sai a 2014 aka sami Arewa24 mai watsa shiri da Hausa dare da rana, kuma da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fara. NTA ma ta ware tashoshin Hausa da Yarbanci da Ibo bayan ƙawancenta da kamfanin StarTimes na Sin, amma sai mai dikoda ke kama su. Labaran ƙarfe tara sun bi gwamnati daga Ikko zuwa Abuja, kuma har yau da Ingilishi ake karanta su.