Tafiya Indiya Neman Magani: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sayar da Dukiyarka

Ni ɗan Kuru ne, nan gaba da Bukuru a Jihar Filato. Mahaifina fataucin shanu yake yi, daga karar Bukuru yake loda tirela zuwa Legas da Lokpanta. A ƙarshen 2023 ciwon zuciya ya kwantar da shi, likitocin Jos suka ce sai an yi aiki, suka ba mu shawarar Indiya. Da yake ni ne na gama sakandare a gidanmu, ni aka ɗora wa rakiya. Mun yi kwana 52 a birnin Delhi, kuma sai da aka sayar da shanu goma sha ɗaya kafin mu dawo. Tun daga lokacin mutane daga Agege, Sabon Ibadan, Shagamu da Fatakwal suke kirana da tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya amfana.

Ƙasar da za ka shiga

Indiyar fim daban, Indiyar ƙasa daban. Mutanenta sun haura biliyan 1.4, kuma a 2023 ta wuce Sin ta zama ƙasa mafi yawan jama'a a duniya. Wanda ya saba da cunkoson Oshodi ko Mile 12 zai ɗan jure, amma ni da na tashi a Kuru kwana uku na yi kaina na sarawa saboda hon ɗin motoci kaɗai. Agogonsu yana gaba da namu da awa huɗu da rabi: idan ƙarfe 12 na rana ne a Legas, to 4:30 na yamma ne a can. Biranen da mutanenmu suka fi zuwa neman magani su ne Delhi da maƙwabciyarta Gurugram, sai Mumbai, Chennai, Bengaluru da Hyderabad. A arewa ana jin Hindi, amma a Chennai Tamil suke yi, 'yan kalmomin da ka tsinta a fim ba za su yi maka aiki ba. A asibiti kuwa Turanci ya isa.

Takardu tun daga gida

Farkon abu shi ne rahoton likitanka na nan da duk hotuna da gwaje-gwajen da aka yi. Ka tura wa asibiti biyu ko uku kai tsaye, ta adireshin da ke shafinsu na intanet. Manyan asibitocin suna da sashen baƙi 'yan ƙasar waje. Su za su aiko maka da kiyasin kuɗi da wasiƙar gayyata, da ita ake neman biza.

Bizar magani daban take da ta yawon buɗe ido, kuma ana ba masu jinya har mutum biyu bizar rakiya. Kada wani ya ruɗe ka ka shiga da bizar yawo alhali jinya ta kai ka. Indiya tana da babban ofishin jakadanci a Abuja, tana da wani a Victoria Island a Legas, wanda ya fi kusa da yawancinku. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida.

Sai yalo kad, wato katin rigakafin cutar shawara, wanda ake karɓa a ofishin lafiya na tashar jirgi. Ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Wanda ya sauka Indiya daga Najeriya babu shi, ana iya killace shi har kwana shida, ka ga marar lafiya ba zai iya wannan ba. Mu an kuma nemi shaidar ɗigon rigakafin shan inna, wanda ake so a yi shi sati huɗu kafin tafiya. Saboda haka ranar da aka fara maganar tafiya, ranar za ka je rigakafi. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku, ka ɗauki hotonta a waya, ka riƙe ƙananan hotunan fasfo kamar goma.

Dillalan asibiti

A nan muka sha kashi. Wani ɗan Najeriya da ke zaune can aka haɗa mu da shi, ya ce komai a hannunsa yake. Shi ya aiko mana da kiyasi, shi ya tarbe mu a filin jirgi, har da kawo mana tuwo ranar farko. Sai a sati na biyu, da na je ofishin lissafi da kaina neman rasit, na ga abin da asibiti ya rubuta bai kai abin da muka ba shi ba. Bambancin ya kai kuɗin bijimi biyu.

Da na faɗa wa Baba a kan gado, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro, shekara talatin ina cikin kara. Dillali ya ci la'ada halak ne. Wanda ya ci la'ada wajen mai saniya, ya dawo ya ɓoye maka ciniki, wannan ba dillali ba ne." Na ce, "Baba, to ya za mu yi?" Ya ce, "Ka karɓi igiyar a hannunka."

Haka na yi. Ban ce kowane dillali macuci ne ba, akwai na kirki, musamman ga wanda ba ya jin Turanci. Amma ka riƙe abu uku. Kiyasi ya zo maka daga asibiti, ba ta hannun kowa ba. Kuɗi ya shiga asusun asibiti ko ka biya a kantarsu ka karɓi rasit. Fasfo kuma ba ya kwana a hannun kowa sai naka. Ka tambaya tun farko: kwana nawa kiyasin ya ƙunsa, kuma nawa ne kwana ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman idan aka zarce? Mu Baba ya ƙara kwana huɗu a can, nan kuɗi ya tafi.

Masu ciwon ƙoda ku saurara da kyau. Dokar dashen sassan jiki ta Indiya ta 1994 ta haramta saye da sayar da ƙoda. Baƙo sai ya zo da mai ba shi daga danginsa, da takardun shaidar dangantaka da ofishin jakadancin ƙasarsa ya tabbatar, sannan wani kwamiti ya zauna ya amince. Duk wanda ya ce maka zai samo maka ƙoda a can, gidan yari yake nuna maka.

Jirgi da kuɗi

Mu Ethiopian muka bi ta Addis Ababa. Daga Legas kamar awa biyar ne zuwa Addis, sannan shida da wani abu zuwa Delhi. Ana kuma bi ta Doha ko Dubai. Ka nemi keken guragu wa marar lafiya tun wajen sayen tikiti, kuma ka sayi tikitin da ake iya canza ranar dawowa, domin likita ne zai yanke ranar, ba kai ba.

Kuɗinsu rupi ne. Dala za ka riƙe, naira ba ta canzuwa a can, kuma katin bankinmu na naira bai yi mana aiki ba. Ka tambayi bankinka batun Form A na kuɗin asibiti tun da wuri. Idan tsabar da ke jikinka ta wuce dala 5,000, doka ta ce ka bayyana wa kwastan a filin jirgi. Ka yi canji a wuri mai lasisi, ka ajiye rasit. Kada ka karɓi takardar rupi 2,000, an janye ta daga kasuwa tun 2023. Sannan ka koyi lissafinsu: "lak" ɗaya shi ne 100,000, "kuro" ɗaya miliyan goma. Lak biyar haka suke rubuta shi: 5,00,000. Ranar farko na ɗauka miliyan biyar ne, gabana ya faɗi.

Masauki da rajista

Duk otal ko gidan baƙi da ya sauki ɗan ƙasar waje dole ya cika masa wata takarda da ake kira Form C. Gidan da dillalinmu ya kai mu bai cika ba, ban san da ita ba sai da na zo neman ƙarin kwanakin biza aka tambaye ni. Sai da muka sauya masauki. Kafin ka ajiye jaka ka tambaya, kuma ka karɓi kwafi. Ofishin da ke kula da baƙi sunansa FRRO, ta intanet ake yawancin aikinsa. Idan bizarka ta wuce kwana 180, sai ka yi rajista cikin kwana 14 da sauka. Ka duba abin da aka buga a jikin bizar, wani lokaci an rubuta sharaɗin a nan. Kada ka bari biza ta ƙare ko da kwana ɗaya: tara ce, ko tsarewa, ko kora. Ka nemi ƙari da wasiƙar asibiti tun da sauran sati biyu.

Ka nemi ɗaki mai kicin kusa da asibiti, wanda za ka iya takawa da ƙafa. Soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne, ka sayi mahaɗi. Layin waya kuma, Airtel kamfaninsu ne amma layinka na gida ba zai zama na can ba, sai ka yanki sabo, Airtel ko Jio, da fasfo da biza da hoto. Masu shiga daji da Thuraya, ku bar ta a gida, shiga da ita laifi ne a Indiya.

Saniya, nama da abinci

Wannan ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan mai shanu. Za ka ga saniya kwance a tsakiyar titi, motoci na kauce mata, ba mai ɗaga mata sanda. Mabiya addinin Hindu suna girmama ta, kuma yawancin jihohi sun hana yanka ta. An kashe mutane a kan wannan: a 2015 taron jama'a suka kashe Mohammed Akhlaq a Dadri bisa zargin cin naman saniya, a 2017 kuma aka kashe Pehlu Khan a Alwar yana ɗauke da shanun da ya sayo. Shi ya sa na roƙi Baba ya daina faɗa wa direbobi sana'arsa. Kilishi da dambun nama kada su shiga jakarka. Jan naman da ake sayarwa a Delhi na ɓauna ne, sai akuya da kaza.

Ba kowane nama ne yankan Musulmi ba, ka tambaya ko halal ne. Kayan gwangwani da na leda suna da alama: kore babu nama, ja ko ruwan ƙasa akwai. Abincinsu yaji da mai sun yi yawa ga marar lafiya. Mu garin masara, kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa a rufe cikin leda su suka cece mu. Shinkafa, wake, albasa da tumatir suna da araha a can. Ruwan famfo kada ka sha, ka sayi na gora ka duba murfin. Kowane kaya an buga farashinsa mafi tsada a jiki, an rubuta MRP, kada ka biya fiye da haka.

Sallah da zirga-zirga

Musulmi sun kai kashi 14 cikin ɗari a ƙidayar 2011, mutum miliyan 172, masallaci ba ya wuyar samu. Sallah "namaz" suke ce mata. Yawancinsu 'yan mazhabar Hanafiyya ne, suna jinkirta La'asar fiye da mu, kada ka ɗauka ladan ya makara. Idan ka samu sarari ka yi Juma'a a Jama Masjid na tsohuwar Delhi, wanda Sarki Shah Jahan ya gina aka gama a 1656. Taj Mahal yana Agra, kusan kilomita 200 daga Delhi, amma a rufe yake ga masu ziyara ranar Juma'a.

Hannun hagu suke tuƙi, don haka wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa. Keke Napep ɗinmu, Bajaj da TVS, daga can suke zuwa, sai dai ka yi ciniki kafin ka hau. Da marar lafiya, Uber ko Ola sun fi. Jirgin ƙasan cikin Delhi yana da tsabta da araha, amma akwai tarago na mata zalla, namiji ya shiga tara ce. Idan Ba'indiye ya karkaɗa kai gefe da gefe, yawanci "to" yake nufi, ba "a'a" ba. Ka riƙe waɗannan: pani ruwa, dawai magani, dard ciwo, kitna nawa, nahi a'a.

Yanayi

Afrilu zuwa Yuni zafin Delhi yana haura digiri 45. Yuli zuwa Satumba damina ce, bayanta sauro mai kawo zazzaɓin dengi yake yawa. Nuwamba hayaƙi ke rufe gari, mai ciwon zuciya ko asma ya sa takunkumi. Disamba da Janairu kuwa, ni da nake taƙama da sanyin Jos sai da na sayi bargo na biyu. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, Fabrairu da Maris sun fi daɗi.

Kare kanka

Gaskiya ɗaya ce: za a yi ta kallonka, wasu kuma sun yi wa 'yan Najeriya kuɗin goro saboda masu safarar ƙwaya. A Maris 2017 an far wa ɗalibai 'yan Najeriya a Greater Noida. Mu dai mun haɗu da mutanen kirki da yawa, amma ba na yawon dare, ba na jayayya a titi, kuma kwafin fasfo da katin asibiti kullum suna aljihuna. Kada ka karɓi saƙon kowa, tafiya ko dawowa, ko da ya ce maganin mahaifiyarsa ne. Maganin da za ka dawo da shi ya zo da takardar likita da rasit. Lambar gaggawa 112 ce, ofishin jakadancin Najeriya kuma yana unguwar Chanakyapuri a New Delhi.

Kafin a sallame ku, ka karɓi cikakken rahoton aikin, takardar izinin hawa jirgi, lambar likita, da maganin aƙalla wata uku. Ka sa a rubuta maka ainihin sunan kowane magani, ba sunan kamfani kaɗai ba, don ka iya samunsa a gida. Ka kuma san likitan da zai ci gaba da duba shi a nan tun kafin ku taso.

Baba ya warware, alhamdu lillahi, ya koma karar Bukuru, sai dai yanzu a kan benci yake ciniki, ƙanena ke bin tirela. Wanda ke da tafiya a gabansa ya nuna wa mai rakiyarsa wannan rubutu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.