Daga Lefen Kaba Zuwa Akwati: Tarihin Nauyin Aure a Arewacin Zazzau

Idan kaka ta yi a ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan, aka sayar da masara, aka shiga saran rake da dafa mazarƙwaila, sai bukukuwa su kankama. A lokacin ne ake jin tsohuwar tambaya a zaure da tsakar gida: shin duk wannan ɗawainiya dole ce? Malamai sun daɗe da ba da amsa. A mazhabar Malikiyya, aure yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu da siga da sadaki, wanda mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Lefe da gara da kamu da sayen baki ba sa cikin lissafin. To, me ya raya su har yau?

Tarihin kalmar lefe kaɗai ya isa ya buɗe ƙofar amsa. Asalinta sunan kwando ne da ake saƙawa da kaba, a zuba zannuwa 'yan kaɗan a kai gidan amarya. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, auduga da gyaɗa suka kawo kuɗin Bature hannun manoma, kantuna suka cika da atamfa. Kwando ya ba kwalla wuri, kwalla ta ba fantimoti, fantimoti ya ba jerin akwatuna. A ɗakin amarya ma haka: ƙorai da tasoshi suka kauce wa kwanukan sha da samira, daga baya kujeru da firji suka shigo. Sunan bai sauya ba, nauyin ne ya riƙa ninkuwa, musamman bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, aljihu ya tsuke, amma idon jama'a bai rage abin da ya saba gani ba.

Kafin a yanke wa al'adar hukunci, ya kamata a saurari wadda ta rayu a cikinta. Baba ta Karo, wadda ta tashi a iyakar Kano da Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa, aka buga shi a 1954. Abin da ya fito fili a labarinta shi ne biki bashi ne. Mace ta kai wa ƙawarta gudummawa yau, gobe a mayar mata da ƙari. Da haka matar da ba ta da rumbu ta iya aurar da ɗiyarta. Kayan ɗaki kuwa dukiyar amarya ce ta kanta, ba ta miji ba. In yunwa ta zo ko aure ya mutu, tana da abin sayarwa. Gara tana ɗauke wa sabon gida cefanen watannin farko. Kai lefe a bainar dangi shaida ce cewa an nemi yarinya da mutunci. Ashe kowace al'ada tana da aikin da take yi a zamanin da babu banki, babu takardar aure.

Suka ma ba sabon abu ba ne. Tun kafin jihadin 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan bidi'o'in da suka cuɗanya da rayuwar jama'a, har da cakuɗuwar maza da mata a taruka. Fiye da ƙarni biyu bayan haka, a 2012, Gwamnatin Kano ta hannun Hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa, tana ɗaukar sadaki da kayan ɗaki. Wannan mataki kansa furuci ne cewa tsadar al'ada ta fara toshe ƙofar da aka ƙirƙire ta domin ta buɗe.

Nan ne gizo ke saƙa. Manomin da ya jinginar da gonar rakensa don ya cika ɗakin ɗiyarsa ba jahili ba ne. Ya san littafi bai wajabta masa ba. Tsoron gori ne ke tura shi, kada kishiya ko uwar miji ta ce an kawo yarinya hannu rabbana. Saurayin da ya kai shekara talatin yana tara kuɗin akwati shi ma kunya yake saye, ba aure ba. Da, al'ada garkuwar amarya ce. Yanzu sau da yawa ma'aunin iyayenta ce.

Saboda haka ba a tambayi al'ada shekarunta ba, a tambaye ta aikinta. Wadda har yanzu take tsare mutuncin mace, take ƙulla zumunci, a riƙe ta hannu biyu. Wadda ta zama bashin da ango zai biya da zaman lafiyar gidansa, a tuna cewa kakanninmu da kwandon kaba suka fara, kuma aurensu ya ɗauru.