Harajin Cinikin Hannun Jari da Iyakar Ikon Jihohi a Amurka

Tambayar da ke gabanmu ita ce, ina iyakar ikon jiha wajen aza haraji a kan cinikin hannun jari? Tarihin Amurka zai haska mana hanya.

A 1905 Jihar New York, inda babbar kasuwar hannun jari take, ta aza haraji a kan kowane hannun jari da aka sayar. Aka ƙalubalanci dokar, amma a 1907 Kotun Ƙoli ta ƙasa ta tabbatar da ita. Da ciniki ya soma ƙaura zuwa kasuwannin wasu jihohi, sai New York ta gyara dokar a 1968, ta yi rangwame ga wanda ya sayar a cikin jihar, ta bar cikakken haraji a kan wanda ya sayar a waje. Kasuwar Boston da takwarorinta suka garzaya kotu. A 1977 Kotun Ƙoli ta soke gyaran, domin tsarin mulkin tarayya ya hana jiha fifita cinikin gida bisa na maƙwabta. Daga 1981 New York ta shiga mayar wa masu biya kuɗinsu duka.

Jihar Texas kuwa ɗaure hannun kanta ta yi. A Nuwamba 2025 masu zaɓe suka amince a rubuta cikin tsarin mulkin jihar cewa majalisa ba ta da ikon aza irin wannan haraji, don a jawo 'yan kasuwa zuwa Dallas. Amma ma'aikacin gwamnati ya lura: kuɗin da aka hana majalisa taɓawa, tilas a nemo su daga aljihun masu gidaje da masu sayayya a kanti.