Daga Ɗan'uwa Zuwa Baƙon Haure: Iyakar Katsina da Maraɗi da Korar Baƙi ta 1983 Zuwa 1986

A Hausar gargajiya, baƙo shi ne wanda ya zo daga wani gari ya sauka, aka ba shi ruwa da masauki, idan kuma zama ya kama shi mai unguwa ya yanka masa gona. Ma'anar da doka ta ba kalmar, watau mutumin da ba ɗan ƙasa ba, wanda sai da takarda zai zauna, sabuwar aba ce. Wannan maƙala za ta duba yadda ma'anar ta biyu ta hau kan ta farko a ƙasar Katsina.

Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa, har Ɗankasawa ya kafa zamansa a Maraɗi wajen 1819, yana riƙe da sunan Sarkin Katsina. Saboda haka sarautu iri ɗaya suka wanzu a ɓangarorin biyu. Alal misali, Hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yanɗakan Katsina, alhali kuwa a Maraɗi ma akwai 'Yanɗaka cikin masu zaɓen sarki. Hakimin Kurfi, ƙasar da Tamawa take ciki, sarautarsa ita ce Maraɗin Katsina. An yi ta yaƙi a ƙarni na 19, amma yaƙi ne na 'yan gida ɗaya.

Turawa ne suka mai da wannan saɓani iyakar ƙasa. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka bar Maraɗi a hannun Faransa, sa'an nan jami'ai biyu, Tilho da O'Shee, suka kafa alamomi 148 daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi tsakanin 1906 da 1908. Duk da haka iyakar ba ta tare kowa ba. Nauyin haraji da aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946, sun sa jama'a da yawa ƙaura zuwa kudu, hukumar En'e kuwa ta karɓe su, domin ƙaruwar talakawa ƙaruwar haraji ce. Haka nan 'yan cin rani da almajirai suka ci gaba da gangarowa kowace kaka.

Bayan mulkin kai aka kafa Dokar Shige da Fice ta 1963, amma ba a tsananta ta ba muddin akwai wadata. A zamanin kuɗin man fetur ma, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta yarje wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar zaman kwana 90 ba tare da biza ba. Abubuwa biyu suka juya al'amarin: tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 a Kano, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000, shugabanta kuma mutumin Kamaru ne, da faɗuwar kuɗin shiga na mai daga 1981. Ranar 17 ga Janairu 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. An ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai miliyan biyu, kusan rabinsu mutanen Gana, ƙasar da ita ma ta kori 'yan Nijeriya a 1969.

Abin da ya fi taɓa ƙasar Katsina shi ne matakin gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, wadda ta rufe iyakoki a Afrilu 1984 lokacin canjin kuɗi, ta kuma umarci baƙi kimanin 700,000 su fita a Mayu 1985. Rufewar ta zo daidai da farin 1984. Talakan Maraɗi, wanda ya saba sayar da akuya a Jibiya ya auno hatsi, ko ya yi ƙodago a kudu ya aika gida, ya rasa ƙofa biyun a lokaci guda. Shi ya sa mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Sai a Maris 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe iyakar.

A nan ne raunin manufar ya bayyana. Mutumin Gana harshensa yana tona shi, amma babu abin da zai bambanta Bamaraɗe da mutumin Kurfi, ko harshe ko tufa ko addini, ga shi yawancinsu duka ba su da takardar shaida. Wanda ya yi aure ya haihu a Dutsin-Ma ya ci gaba da zamansa. Mai fasa-ƙwauri ya bi barauniyar hanya. Wanda ya ɗanɗana kuɗarsa shi ne ɗan cin rani da mai ƙaramin jari.

An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sa'an nan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Tarihin 1983 zuwa 1986 ya nuna cewa gwamnati tana iya kiran Bamaraɗe baƙon haure a takarda, amma duk manufar da ta manta cewa a Kurfi ɗan'uwa ne, talakawan ɓangarorin biyu ne za su biya kuɗinta.