Tari da Maganinsa a Garin Kuza

Duk wanda ya kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da ake nufi da ɗari. Garin yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma idan hunturu ya kankama, ƙura da sanyi suka haɗu, kusan kowane gida sai an ji mai tari.

Da Turawa suka fara haƙar kuza a yankin Jos a farkon ƙarni na 20, dubban leburori sun kwararo daga ƙasashen Kano, Zazzau, Bauci da Barno. Mutane ne da suka taso a ƙasar zafi, ga su tsaye cikin ruwa suna wankin kuza tun asuba, su kwana a bukkokin bariki ba bargon kirki. Abin ya fi muni tsakanin 1942 da 1944, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa kwaso mutane ƙarfi da yaji domin Ingila na buƙatar kuza a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa sun mutu da ciwon ƙirji da yunwa, kuma wannan zalunci ne da bai kamata a manta da shi ba. Asibiti ya yi wa lebura nisa. Abin da ke kusa da shi shi ne ɗan koli da mai magani da ke bin barikoki.

Mafi yawan abin da ke cikin tabarmar ɗan kolin nan ba a Jos ake noma shi ba. Citta daga Kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kwoi, kuma layin dogon da ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 ya sauƙaƙa kawo ta. Masoro da kimba da namijin goro 'ya'yan kurmi ne. Kanumfari kuwa daga ƙetare yake, irin su Zanzibar da Indunusiya. Tafarnuwa daga Arewa. Matan Fulani suka kawo man shanu. Wani likita mai suna J. M. Dalziel ya tattara sunayen irin waɗannan tsirrai da Hausa tun 1916.

Haɗin maganin tarin bai canza sosai ba. A daka citta da kanumfari da ɗan masoro, a tafasa, a sauke, a matsa lemun tsami, a zuba zuma idan ya ɗan huce. Mai kaikayin maƙogwaro ya tauna namijin goro. Yaro kuma a shafa masa man kaɗanya a ƙirji, a lulluɓe shi.

Abu guda da Jos ta ƙara da kanta, daga ɓarnar kuza ya fito. An shuka itatuwan turare da yawa a filayen da haƙa ta lalata, asalinsu daga Ostareliya. Mutane suka gano ganyensu na buɗe hanci, sai ya shiga tukunyar sirace tare da ganyen dogon yaro.

Sana'ar sayar da kayan haɗin ta sha wuya. Gobarar 2002 ta cinye babbar kasuwar Terminus, 'yan kasuwa suka watsu bakin tituna da ƙananan kasuwanni. A 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har masu shayi suka rage hannu. Duk da haka haɗin gida ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan kwalabar maganin tari mai kodin, wadda gwamnatin tarayya ta hana yin ta da shigo da ita a 2018 saboda yadda ta lalata matasa.

Sai dai haɗin gida yana da iyaka. Ba a bai wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, kuma ruwan sirace ya sha ƙona yara. Tarin da ya kai mako biyu, ko ya zo da jini da rama da gumin dare, a garzaya asibiti: gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.